Ledar kare fenti da robar tanki: wa ya taɓa gwadawa?

Baban Hanifa, Zariya: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Allah ya nufa na fitar da sabon babur Boxer ja a makon nan, kuma ina so in fara kula da fentinsa tun kafin hunturu ya kankama. Wanda na sayar kafin wannan, wurin da cikina ke taɓa tanki ya dushe, gefen da gwiwa ke goga kuwa ƙyallin ya tafi gaba ɗaya, da shi mai saye ya yi ta rage min kuɗi. Na ga ana tallar wata leda mai haske da ake mannawa a kan fenti ba tare da ta ɓoye launinsa ba, da kuma wata roba mai kauri da ake liƙawa a tsakiyar tanki. Wa ya taɓa gwada su? Ko dai in kai a ɗinka min rigar tanki kamar yadda kowa ke yi?

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Allah ya sa rai aka yi wa, ya tsare hanya. Ni shawarata kada ma ka kashe ko sisi. Ledar da ya zo da ita daga kamfani ka bar ta a jiki, ka sa salatif ka kama bakinta. Haka muka taso muka ga ana yi.

Alhaji Mai Fenti, Kaduna: Allah ya sanya alheri Baban Hanifa. Ɗan Kurna, ka yi haƙuri, a nan zan saɓa maka. Ledar kamfani ta jigila ce, an sa ta don kada kaya su gogi juna a cikin kwali da kwantena, ba a yi ta don ta sha ranar Afrilu ba. Tankunan da ake kawo min masu irin wannan matsala suna da yawa. Rana ta gasa ledar, ta bushe, ta tsattsage, wani ɓangaren ya kama fenti ƙam, sai ka zauna da farce kana tsinta kaɗan-kaɗan. Salatif ɗin kuma ya bar baƙin layi na gam da ƙura. Mafi muni, ruwan wanki yana shiga ƙarƙashinta ya kwana, in ka ɗaga sai ka tarar fentin ya yi dabbare-dabbare kamar ya yi hazo. A cire ta yau ya fi a cire ta gobe.

Ɗan Kurna: To Alhaji, rigar tanki fa? Ita ma laifi ce?

Alhaji Mai Fenti, Kaduna: Rigar tana da amfaninta, ba zan ci amanarta ba. Tana tare makulli, tana tare kan bel, tana da aljihun da mutum zai sa takardu da waya, kuma a lokacin zafi tana hana tanki ƙona cinya. Inda take ɓarna shi ne mutane suna ɗaura ta su manta da ita. Ƙura tana bi ta gefe ta shiga tsakanin riga da fenti, injin yana jijjiga, kai kana motsi a kai, sai ya zama kamar ka naɗe tankin da sanfefa ka bar shi yana gogar kansa kullum. Ranar da za a sayar da mashin a kwance rigar da murna, a tarar da tanki ya dushe fiye da na wanda bai taɓa sa komai ba. Wasu ma tsatsa nake gani a kusa da murfin mai da kuma ƙasan tanki inda igiya ke ɗaurewa, saboda damshin damina da rigar ke riƙewa.

Malam Na Ƙofar Ruwa: Gaskiya ne wannan. Amma in mutum yana kwance ta duk Juma'a ya kakkaɓe, ya wanke tankin, ya bari ya bushe kafin ya mayar, ba ta da matsala. Sai dai mutum nawa ne ke yin haka?

Oga Tinti, Abuja: Salamu alaikum. Ni aikina ke nan, tinti da manna wannan leda a jikin motoci, muna yi wa manyan babura ma jefi-jefi. Bari in yi bayani dalla-dalla, don abubuwa biyu ne daban ake sayarwa da suna ɗaya, kuma nan ne ake cutar mutane.

Ta gaskiyar ana yin ta da wata irin roba mai suna TPU. Kaurinta yana kaiwa kimanin milimita 0.15 zuwa 0.2, wato ta ninka banish ɗin da ke saman fenti kauri sau uku ko fiye. Asalinta ma ba don motoci aka yi ta ba. Kamfanin 3M na Amurka ne ya samar wa sojojin ƙasar ita a zamanin yaƙin Biyatnam, don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da tsakuwa da ke cinye bakinsu. Daga baya masu tseren mota suka ɗauka, sannan ta shigo kasuwa. Yanzu sunayen da aka fi sani su ne 3M da XPEL da SunTek. Masu kyau a cikinsu suna da wani shafi a sama wanda in ya samu ƙaramin karce, zafin rana ko ruwan ɗumi yana sa ya koma ya shafe. Ba ina nufin yankan wuƙa ba, ina nufin irin siraran layukan da tsumma ke bari.

Ɗaya kuma PVC ce, 'yar'uwar ledar sitika. Ranar da aka manna ta ba za ka bambanta su da ido ba. Amma a ranarmu ta nan ba ta daɗewa take yin ruwan ɗorawa, ta yi tauri, ta fara tsagewa, kuma in ka zo cirewa ta riƙa gutsurewa tana barin gam. Yawancin abin da ake tallatawa da araha a intanet ita ce.

Baban Hanifa, Zariya: Na gode Oga. To ni da ban san kan abin ba, ta yaya zan gane ta gaskiyar a shago?

Oga Tinti, Abuja: Ka ce a yanko maka ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsu biyu. Ka ɓare takardar bayan, ka ja shi da hannu biyu. TPU tana miƙewa sosai sannan ta dawo kusan yadda take, tana nan garau. PVC kuwa in ta miƙe sai ta yi fari-fari a wurin, ta tsaya a miƙe ko ta tsinke. Gwaji na biyu, ka manna ƙyallen a bayan waya ko wani ƙarfe mai santsi, ka ɗan karce shi da burushi mai tauri, ka zuba ruwan zafi irin na shayi. In layukan suka ɓace, ka samu mai kyau. Mai shagon da ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama.

Sarkin Hanya: Ni fa duk wannan ban ga amfaninsa ba. Boxer jakin aiki ne. Buhun masara za a ɗora masa, jarka za a rataya masa, yara za su hau tankin da takalmi a kai su makaranta. Kuɗin da za ka ba su Oga Tinti ka ajiye, in tankin ya tsufa ka kai wa Alhaji ya fesa maka sabon fenti, ko ka sayi wani tankin. Wannan leda ta masu manyan babura ce da ke fitowa ranar Lahadi kawai.

Alhaji Mai Fenti, Kaduna: Sarki, ni ne zan ci ribar maganarka, amma gaskiya ɗaya ce: fentin da zan fesa a rumfata ba zai kai na kamfani ba. Su gasa shi suke yi a ɗakin zafi inda ƙura ba ta shiga, ni kuwa iska da rana nake jira. Fetur in ya zuba a kan na kamfani, ka goge ya wuce. A kan fentin gyara, musamman in an yi da kayan araha, yana iya ɗaga shi ko ya bar tabo. Sannan dillali da ya shafa tanki ya ga an sake fenti, abin da zai fara zuwa ransa shi ne mashin ya taɓa faɗuwa. Ko ka rantse masa sai ya rage. Fentin asali sau ɗaya ake samunsa.

Sarkin Hanya: Na ji wannan. Amma har yanzu ban yarda a naɗe Boxer gaba ɗaya da leda mai tsada ba.

Oga Tinti, Abuja: A nan kam ina tare da kai. Ni ma ba zan ba shi shawarar ya naɗe duka ba. Wurare kaɗan ne ke shan wahala: bayan tanki inda ciki da zif da kan bel ke taɓawa, gefe biyu inda gwiwa ke kamawa, saman tanki ta gaba inda tarin makullai ke lilo, sai murfin gefe inda dugadugan fasinja ke shura. In ka je wurin masu yi wa motoci, ragowar da ke faɗuwa bayan an gama bonet ɗaya ta ishe ka duk waɗannan. Ka tambayi ragowa, kada ka ce a yanko maka daga sabon naɗi.

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ni roba-roba ce da ni nake zuwa aiki, tankinta yana ƙarƙashin kujera, don haka maganar robar tanki ba ta shafe ni ba. Damuwata ita ce robar gaba inda nake rataya jaka da kwandon cefane, duk ta kwarzane, da gefen da takalmina ke gogawa in zan hau. Ledar tana kama roba kuwa?

Oga Tinti, Abuja: Hajiya, in robar mai fenti ce mai santsi, tana kamawa sosai. In kuwa baƙar nan ce mai gurje-gurje wadda ba a fesa mata komai ba, kada ki ɓata kuɗinki, gam ɗin ba ya samun wurin zama, bakin zai ɗago ƙura ta cika shi. Kuma ki sani ledar ba ta gyara abin da ya riga ya lalace. Ƙananan layuka tana ɗan ɓoye su, amma karce mai zurfi zai ci gaba da kallonki ta cikinta. A fara goge wurin da folish ya yi sumul, a wanke man folish ɗin tas, sannan a manna.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da muhawara. Ni kabu-kabu nake yi, daga safe har dare ina bisa moto. Abin da na ga ya fi min amfani shi ne robar nan ta tsakiya mai kauri. Arha gare ta, ko'ina ana samu, kuma ita ke shan dukan zif da makulli. Amma akwai abin da ba a faɗa ba. Jan fenti ya fi kowane saurin koɗewa a rana. In ka manna baƙar roba ko sitika a jan tanki ta daɗe, ranar da ka cire za ka ga siffarta ta fito raɗau, wurin ja wur, kewayensa ya yi fari-fari. Wannan ba ya gogewa. Saboda haka in ka sa, ka sa da niyyar ta zauna, in ta tsufa ka maye gurbinta da mai girmanta ko wadda ta ɗan fi ta.

Alhaji Mai Fenti, Kaduna: Madalla da wannan. Kuma shi ya sa inuwa ta fi komai. Sai dai a lura da inuwar bishiya, kashin tsuntsu da ruwan da ke ɗigowa daga darbejiya in suka bushe a rana suna cin banish. Wanda ya gani ya jiƙa shi da ruwa ya ɗauke a ranar, kada ya kankare shi a bushe.

Ɗan Birnin Landan: Ina biye da ku daga nesa. A nan masu manyan babura suna sa roba iri biyu, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta tsakiya don kare fenti ce. Ta gefe kuwa, irin su Stompgrip da TechSpec, an yi ta ne don gwiwa ta samu abin kamawa lokacin taka birki da shan kwana, don kada nauyin mutum ya koma kan hannu. Kare fentin ƙari ne kawai. Ga mai Boxer da ke zaune a miƙe, sanye da kaftani ko wandon shadda, robar gefe mai ƙuraje masu tsini ba ta dace ba, tana cin yadi. In za a sa ta gefe a nemi mai laushi. Wasu a nan suna fara manna leda mai haske, sannan su ɗora robar a kanta, don in an tashi cirewa gam ɗin robar bai taɓa fenti ba.

Baban Hanifa, Zariya: Wannan dabarar ta yi min. Oga Tinti, in na samo ragowar, zan iya mannawa da kaina ko sai na kai wa gwani?

Oga Tinti, Abuja: Ƙananan wurare za ka iya, in kana da haƙuri. Tanki gaba ɗaya da yanki ɗaya kam sai gwani, don lanƙwasarsa ta fi ta ƙofar mota wuya. Ga yadda muke yi.

Ka fara da wurin aiki. Ɗaki ko zaure, a rufe ƙofa, a kashe fanka, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kada ka yi a waje ranar da ake hazo. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin ledar, za ta yi tsini a wurin da farin zobe kewaye da ita, kuma kullum idonka a kanta zai fara sauka. Tankin ya kasance da sanyi, ba wanda ya fito daga rana ba.

Ka wanke shi da sabulun wanke mota, ka tsane, sannan ka goge wurin da sifirit a tsumma mai tsabta don ya ɗauke maiƙo da folish. Ka wanke hannunka ma, don zanen yatsa yana fitowa a gam.

Kada ka taɓa yanka leda a jikin tanki. Ka ɗora takarda, ka zana siffar da kake so da fensir, ka yanke takardar, ka gwada, sannan ka yanki ledar a kan tebur da almakashi. Kusurwoyin ka zagaye su, kusurwa mai tsini ita ke fara ɗagowa.

Ka cika kwalbar feshi da ruwa mai tsabta, ka ɗiga sabulun wankan jarirai ɗigo uku ko huɗu a rabin lita. Ka fesa a tanki, ka fesa a yatsunka, kana ɓare takardar baya kana fesa wa gefen gam. Ka ɗora, za ta riƙa zamewa, ka daidaita ta yadda kake so. Sai ka fesa a samanta, ka ɗauki tsohon katin banki ka naɗe shi da ƙyalle mai laushi, ka riƙa turo ruwan daga tsakiya zuwa baki, kowane ja yana hawa kan na baya. Inda baki ya ƙi kwanciya, ka ɗauraye sabulun wurin da ruwa zalla ka danne da yatsa na ɗan lokaci. Za ka ga kamar hazo ko ƙananan ƙullutun ruwa a ƙarƙashi, kada ka huda su, suna bushewa da kansu cikin 'yan kwanaki. Ka bar wanki na mako guda, kuma ko bayan nan mai wanki kada ya saita bakin injin feshi a gefen ledar.

Robar tsakiya kuwa a bushe ake manna ta, kuma in ta kama ta kama. Ka ja layin tsakiya da salatif na takarda daga murfin mai zuwa kujera, ka gwada ta ba tare da ka ɓare ba, ka yi alama, sannan ka ɓare daga sama kana dannawa kana sauka. In a kan leda za ka ɗora ta, ka jira ledar ta bushe sarai tukuna.

Malam Na Ƙofar Ruwa: Wani abu da nake gani a wurin aiki: masu cire tsohuwar sitika da ashana ko laita. Don Allah a daina. Tanki ne fa, tururin fetur yana fita ta murfi ko da an rufe, kuma tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke tururi. A ajiye mashin a rana ya ɗau ɗumi, ko a ɗora tsumma da aka tsoma a ruwan zafi, gam zai yi laushi. A ja a hankali, a kwance, ba a fizga sama ba. Ragowar gam ɗin ɗan kananzir a tsumma yana ɗauke shi, sai a wanke da sabulu nan take. Tina kuwa ko kusa, tana narkar da fenti.

Alhaji Mai Fenti, Kaduna: Ƙari a kan haka, a duba rubutu da zanen kamfani da ke jikin tanki. Wasu baburan an fesa banish a kan zanen, in ka shafa ba za ka ji bakinsa ba, wannan ba matsala. Wasu kuwa a sama aka manna, farce yana jin tudunsa. Irin wannan in ka rufe shi da leda, ranar cirewa tare za su taso. Gara a yanka ledar ta kauce masa. Wanda kuma aka yi wa sabon fenti, ya jira aƙalla wata guda kafin ya manna komai, fentin yana buƙatar ya gama fitar da tururinsa, in ba haka ba ya yi ƙuraje a ƙarƙashi ko ya biyo ledar.

Sarkin Hanya: Duk na ji, amma ni har gobe ina ganin abin da ke kashe fenti a ƙasar nan tsumman safe ne, ba rashin leda ba. Kowa ya fito, mashin ya yi fari da ƙurar hunturu, sai ya zaro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera ya hau dirza.

Ɗan Maraɗi: Wallahi nan ka zo da magana. Mu da muka fi ku kusa da hamada mun fi sanin wannan. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, tun daga Nuwamba har wajen Maris take sauka, kuma a ido kamar hoda take amma tana da kaifi. Ni sai na kwara ruwa ta gangara kafin hannu ya taɓa tanki. In babu ruwa in bar shi da ƙurarsa har yamma. Kuma tsumman tanki daban, na taya da inji daban.

Maman Ilham: Omo fa? Yaran gidanmu da shi suke wanke min.

Alhaji Mai Fenti, Kaduna: Hajiya ki hana su. Yana kwashe folish, yana busar da roba, kuma garin da bai narke ba yana karcewa. Sabulun ruwa na mota kaɗan a bokiti ya wadatar, da soso mai laushi, a inuwa.

Baban Hanifa, Zariya: Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Ledar kamfani na cire ta yanzun nan. Rigar tanki na fasa. Zan nemi ragowar TPU in gwada ta kamar yadda Oga ya ce, in sa a bayan tanki da gefen gwiwa da wurin makulli, in ɗora robar tsakiya a kai. Tambaya ta ƙarshe: a kewayen murfin mai fa, inda masu zuba fetur ke ɗigarwa, in kai ledar har bakin?

Oga Tinti, Abuja: A'a, ka bar tazara kamar faɗin yatsa ɗaya tsakaninta da bakin murfi. Saman ledar yana jure ɗigon fetur in an goge da wuri, amma in ya samu gefenta yana bi ta ƙarƙashi ya narkar da gam, bakin ya ɗago ya yi baƙi. Ka ajiye ɗan ƙyalle mai tsabta a cikin leda don wannan kawai, in an ɗiga ka dangwala ka tsane, kada ka dirza. Makullan gida da na shago kuma ka raba su da na mashin, ka bar shi shi kaɗai a zobensa. In ka samo ragowar ka turo hotonta tare da takardar bayanta, in duba maka kafin ka biya.